Lamba 2,147,483,647: Karatunta da Siffofinta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe kan iya ƙirga ɗaya zuwa dubu ba gargada, amma manyan lambobi kan ba shi wahala. Wannan takarda ta ɗauki lamba guda, wato 2,147,483,647, don nuna yadda ake karanta ta da Hausa da kuma rukunin da masana lissafi suka sa ta.

2.0 Yadda ake karanta ta

Ana raba alƙaluman uku-uku daga dama, sannan a karanta daga hagu: biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. A Nijar an fi jin "miliyar" a madadin "biliyan", saboda aro daga Faransanci.

A lura cewa "dubu ɗari huɗu da tamanin da uku" na da harshen damo: tana iya nufin 483,000 ko 400,083. Kalmar "guda" ke raba gardama. In aka ce "dubu ɗari huɗu da guda tamanin da uku", to 400,083 ake nufi.

3.0 Siffofinta

(a) Mara ce, ba cika ba, domin ta ƙare da 7.

(b) Ba ta rabuwa da 3, domin jimlar alƙalumanta 46 ce, ita kuwa 46 ba ta rabuwa da 3.

(c) Hasali ma babu lambar da ke raba ta ba saura, sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, shi ya tabbatar da haka a 1772. Mai son gwadawa ba sai ya wuce 46,340 ba, domin 46,341 sau 46,341 ya zarce lambar.

(d) In aka jera 2 har sau 31 aka ninka su da juna, za a sami 2,147,483,648. A ɗebe 1, sai ga lambar. Lambobi marasa rabuwa da ake samu ta wannan hanya ana danganta su da Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe da ya yi rubutu a kansu a 1644. Wannan ita ce ta takwas a jerinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

4.0 Muhimmancinta

Kwamfuta na ajiye lamba a gurabe masu ɗaukar 0 ko 1. A tsari mai gurabe 32, gurbi ɗaya na nuna ko lambar ta gaza sifili, saura 31, don haka iyakar ƙirga ita ce 2,147,483,647. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi ta wannan tsari tun daga 1 ga Janairu 1970 za su cike ranar 19 ga Janairu 2038. Shi ya sa ake mayar da su tsari mai gurabe 64, kada agogonsu ya rikice.

5.0 Aiki

A rubuta 524,287 da 500,024 da kalmomin Hausa, a nuna inda "guda" ta zama dole.