"Ciwon Jijiya": Kalma Ɗaya, Cuta Uku

Idan Bahaushe ya ce wa likita yana ciwon jijiya, bai gama bayani ba. Da wannan kalma muke kiran hanyar jini, da zaren da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa, da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi. Alhali wannan ta uku tana da sunanta tun kaka da kakanni, wato agara.

Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600, kuma aikin kowacce ja ne kawai, ba ta turawa. Idan ta tsuke, agara ce ke isar da jan ga ƙashi har gaɓa ta motsa. Wadda ta fi kauri da ƙarfi ita ce ta bayan ƙafa, mai haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige. In ana gudu takan ɗauki ninkin-ba-ninkin nauyin jiki, ta miƙe ta koma tamkar tsirkiyar baka.

Sai dai jinin da ke ratsa ta kaɗan ne, shi ya sa warkewarta kan ɗauki watanni. Tsinkewarta ce ta hana David Beckham buga gasar cin kofin duniya ta 2010.

Mai karatu, wanda agararsa ta tsinke, ya kira abin ciwon jijiya ko targaɗe, matsa da man zafi za a bi shi da su, har ɗingishi ya zauna masa. Ya kamata likitocinmu da masana harshe su zauna tare su raba waɗannan sunaye, domin sai an san cuta ake neman magani.