Kafin ka sari majigi a Guangzhou, tafi da fim ɗinka

Tun 1957 ake gudanar da baje kolin Canton a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sau biyu a shekara, kuma 'yan kasuwarmu da ke sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli sun daɗe da sanin hanyar kasuwannin kayan lantarki irin su Dashatou. Cikin kayan da suke saro wa gidaje da gidajen kallon ƙwallo har da majigi. Sai dai da yawa suna yanke ciniki ne bayan sun kalli bidiyon da mai shago ya kunna musu: furanni, kifaye masu launi, tsaunuka da rana tsaka. Wannan bidiyo kayan talla ne. An zaɓe shi domin ya cika bango da haske, ya rufe duk inda na'urar ta gaza. Wanda ke son sanin gaskiyar majigi, to ya je da fim ɗinsa a filash, fim ɗin da ya san shi ciki da waje.

Gwaji na farko shi ne duhu. Majigi ba ya zana baƙi, iyakarsa ya rage haske, kuma mai araha ba ya iya ragewa sosai, sai dare ya koma toka-toka. Fim irin Gravity na 2013, mai cike da baƙin sararin samaniya, yana tona wannan asiri nan take. Na biyu kuma, wanda ya fi shafarmu, shi ne baƙar fata. Bidiyon talla bai cika nuna fuska irin tamu ba, alhali a kanta ne raunin na'ura ke bayyana: ko dai kumatu da goshi su haɗe su zama dunƙule guda, ko fatar ta rine ta koma ja. A saka Black Panther na 2018, a bi shi da wani yanki na shirin Kannywood irin Labarina ko Izzar So, inda aka ɗauki mutane a falo da dare. Idan ba a iya karanta fushi da murmushi a fuskar ɗan wasa ba, majigin bai dace da kasuwar Kano ba, komai kyan kwalinsa.

Na uku shi ne motsi. Ana ɗaukar finafinan sinima a kan hoto 24 a daƙiƙa, ƙwallon da tauraron ɗan'adam ke kawo mana kuma yana zuwa ne a kan 50, amma ƙananan majigai da dama an ɗaure su a kan 60. Sakamakon haka, idan kyamara ta bi ƙwallo daga wannan raga zuwa waccan sai hoto ya riƙa tsalle-tsalle. Mai gidan kallo ba zai gane hakan daga bidiyon furanni ba, sai ya kunna wasan Firimiya na gaske. Rubutun ƙasan allo ma shaida ne: fararen haruffa a kan baƙi suna nuna ko gefunan hoto sun dushe, da kuma ko majigi nau'in DLP yana walƙiyar launuka mai gajiyar da idon wasu.

Wani zai ce ai alƙaluman da ke jikin kwali sun isa. Ba su isa ba. Ana iya rubuta dubban lumen alhali hasken fitilar ciki aka auna, ba wanda ya isa bango ba, kuma wannan ruɗani ne ya sa masana'antar Sin da kanta ta fito da ma'aunin haske na CVIA a 2023. Haka nan rubuta 4K kan nufi na'urar tana karɓar fayil ɗin kawai, ta nuna shi a 1080 ko ƙasa da haka. Wani kuma zai ce finafinan Kannywood ba su da ingancin da za a yi awo da su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa ake haɗa su da fim mai tsabtar hoto: ɗaya ya nuna iyakar ƙarfin na'ura, ɗaya ya nuna abin da mai saye zai gani a ɗakinsa kullum.

Saura mai cewa ba kowane mai shago ne zai yarda ba. Ƙin yardar ma amsa ce, domin mai kaya na gari ba ya tsoron filash. Ɗan kasuwa ya nemi a rage fitilun shago, a gwada wanda aka ciro daga kwalin da zai tafi da shi, ba na kan kanta ba. Sayen kwantena ba tare da haka ba cinikin biri a sama ne, kuma mayar da kaya daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa Guangzhou ya fi ƙarfin ribar. Alhaji, kafin ka biya kuɗin sari, kunna fim ɗinka tukuna.