Firji ya daina yin ƙanƙara? Karanta saƙonsa kafin a kira mai gyara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kankama a Zariya, ƙanƙara kuɗi ce. Gidaje da dama a Tudun Wada da ita suka dogara: uwa ta haɗa zoɓo ko kunun aya ko lamurje, yara su fitar bayan an tashi daga makaranta. Azumin 2024 da na 2025 duk a Maris suka kama, kuma kowa ya san yadda ake rububin ƙanƙara da la'asar. Ranar da firji ya tsaya a irin wannan gida, kuɗin cefane da na makaranta ne suka tsaya.

Yawancin gidaje firiza ce mai murfi a sama, a ɗura ruwa a leda a jera. Amma manyan firji masu ƙofa biyu, sababbi da na gwanjo, suna ƙara yawa. Suna da sashen da ke yin ƙanƙara da kansa, da ɗan allo a ƙofa. Idan matsala ta taso, allon kan nuna wasu haruffa da lambobi. Nan take sai ka ji an ce, "Firji ya mutu." Ƙannena ɗalibai, sau da yawa da ransa. Bayani yake yi, kuma ku da kuke karatu ku ne za ku fassara wa mutanen gida.

Me lambar take nufi?

A cikin firjin akwai ƙananan na'urori masu auna sanyi da lura da juyawar fanka, suna kai rahoto ga ƙwaƙwalwarsa. In rahoton ya saɓa da yadda ya kamata, sai lamba ta fito. Kowane kamfani da nasa tsarin. A firjin LG, "Er IF" na nufin fankar da ke hura sanyi zuwa sashen ƙanƙara ba ta juyawa daidai, kuma galibi ƙanƙara ce ta daskare ta riƙe ta. A na Samsung, "14E" na nuni ga na'urar auna sanyi ta wannan sashe. "OF OF" kuwa ba lalacewa ba ce ko kaɗan. Yanayi ne da ake saka firji a kantin sayarwa, fitila na ci amma ba ya sanyi, kuma ƙaninka mai son danne-danne zai iya jefa shi ciki bai sani ba.

Don haka kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton allon da waya, ko ka rubuta lambar. Sannan nemi takardar da aka manna a jikin firjin, a ciki ko a baya, mai ɗauke da lambar samfurinsa. Da waɗannan biyun za ka duba littafin da ya zo da shi, ko shafin kamfanin a intanet.

Bi su ɗaya bayan ɗaya

Abu uku na'urar ke buƙata: wuta, ruwa da sanyi. Ruwa ya shiga ta siririn tiyo ya cika faranti, iska mai sanyi ta daskarar da shi, ƙaramin inji ya murɗa farantin ƙanƙara ta zubo.

Fara da wuta. A Najeriya ƙarfin wutar gida wajen bolt 230 ne. In ta zo da rauni, kwamfireso, wato injin da ke tura gas, zai yi ta ƙoƙarin tashi yana kasawa, kana jin "ƙas" lokaci zuwa lokaci. Duba abin da sitabilaiza ke nunawa. In firjin na gwanjo ne daga Amurka, karanta takardar jikinsa da kyau, domin can bolt 120 ake amfani da shi, sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Daga nan zare fulogi, jira minti 5, ka mayar. Wasu lambobin ɗauke wuta da dawo da ita ne ke jawo su, kuma wannan kaɗai kan share su.

Sai ruwa. Famfon da ke ba firjin ruwa a buɗe yake? Tankin gida da ruwa? Tiyon bai lanƙwashe a baya ba? Ruwan burtsatse mai laka kan toshe matatar ruwan firjin, wadda kamfanoni ke ba da shawarar a sauya duk wata 6.

Sannan sanyi. Ruwa na daskarewa a digiri 0, amma firiza ana son ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Ka tuna darasin kimiyya: firji kwashe zafin ciki yake yi ya zubar a waje. In an manna shi da bango, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙarafan bayansa, zafin ba shi da hanyar fita. Zare fulogi, janyo shi kaɗan, ka share da busasshen buroshi. Gwada robar ƙofa kuma: saka takarda ka rufe, ka ja. In ta zare ba wuya, iska mai ɗumi na shiga, kuma danshinta ne ke daskarewa ya riƙe fanka. Maganin wannan shi ne a kwashe kaya, a kashe firjin, a bar ƙofofi a buɗe ya kwana. Bayan an kunna, a yi haƙuri, ƙanƙara kan ɗauki har awa 24 kafin ta fara zubowa.

Inda hannunka zai tsaya

Kada ka kankare ƙanƙara da wuƙa ko sukundireba. Bututun gas na kusa da bangon ciki, huda ɗaya ta isa. Firji da yawa na yanzu suna amfani da gas mai suna R600a, wanda ke kama wuta. Kada ka kwance murfin wayoyi, kada ka taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. In ka ji ƙauri, ko lambar ta dawo bayan duk matakan nan, aikin mai gyara ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ko a nan ma iliminka na da rana. Mun saba jin "gas ne ya ƙare." Gas ɗin firji ba kamar na girki ba ne. A rufaffen bututu yake zagayawa, ba ya raguwa sai in akwai ɓula. In mai gyara ya ce za a ƙara, ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, ta ina ya zube? An toshe wurin?" In ba a toshe ba, kwanan nan Mama za ta sake biya. Nuna masa hoton lambar, ka faɗa masa abin da ka riga ka duba. Mai gyaran kirki zai ji daɗi, ka rage masa aiki.

Wanda wannan bincike ya burge shi, hanya a buɗe take. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na cikin darussan sana'a da ake rubutawa a jarrabawar NABTEB. A nan Zariya kuma, Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli duk suna koyar da injiniyanci. Kafin lokacin, yau in ka koma gida, nemo lambar samfurin firjinku ka rubuta a bayan littafinka, ka kuma leƙa bayansa ka ga ko yana neman shara.