Daga Baƙunci zuwa Maƙwabtaka: 'Yan Gudun Hijirar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Ma'aunin Shari'a

Bahaushe yana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Manufarsa ita ce baƙo ba ya daɗewa, da hantsi ya dubi ludayi ya wuce, saboda haka a yi haƙuri da shi, a kyautata masa. Karin maganar tana aiki muddin baƙon yana da gidan komawa. Abin da ta yi shiru a kansa shi ne halin mutumin da ya sauka da niyyar kwana uku, shekara biyar ta same shi a wurin, garinsu kuma ya zama kufai. Wannan shi ne halin dubban mutane daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina.

Ƙananan hukumomin nan suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da yankin Birnin Gwari na Jihar Kaduna, shi ya sa ta'asar 'yan bindiga ta yi musu katutu. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Wata shida kafin haka an yi kisan Kadisau a Faskari. An gwada sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an datse layukan waya a 2021, gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. A tsawon wannan lokaci mutane ba su daina kwararowa zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomin da Funtuwa da Ɗandume da Malumfashi ba, wasu har Zariya da Kano. Kaɗan ne daga cikinsu suka zauna a sansani. Mafi yawa sun raɓu ne a gidajen dangi, da kangwaye, da ɗakunan haya, wani lokaci da azuzuwan firamare. Ke nan nauyin saukar su ya faɗa a wuyan talakawa 'yan uwansu.

Masu masauki sun yi abin a yaba, babu mai musun haka. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: shi wanda aka saukar, yana jin an karɓe shi?

Darasi daga Jamus

Ana iya ganin nauyin wannan tambaya a ƙasar da ta daɗe tana fama da ita. A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya domin a kawo mata ma'aikata. Sunan da aka ba su a harshen Jamusanci yana nufin "ma'aikata baƙi", wato su ma raɓa aka ɗauke su. Amma da yawa ba su koma ba. Suka kawo iyali, suka gina masallatai, suka haifi 'ya'ya da jikoki, alhali doka ba ta ba yaron da aka haifa a ƙasar damar zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ba sai a shekara ta 2000. Daga baya, a 2015 da 2016, mutane sama da miliyan ɗaya suka nemi mafaka a ƙasar, mafi yawansu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi. An tarbe su a tashoshin jirgin ƙasa da ruwa da tufafi. A ƙasar nan kuma aka ƙona gidan wasu Turkawa a garin Zolingen a 1993, mutum biyar suka rasu, kuma aka harbe mutum tara 'yan asalin baƙin haure a Hanau a 2020.

Abin koyi a wurin Jamusawa ba wai sun warware matsalar ba ne. Abin koyin shi ne tun 2016 suke gudanar da bincike duk shekara a tsakanin 'yan gudun hijirar, kuma cikin abin da ake tambayarsu akwai ko suna jin ana maraba da su. Sun gane cewa mai gida ba ya zama shaidar kansa a wannan batu. Wanda ya ba da tuwo yana tuna tuwon. Wanda ya karɓa yana tuna fuskar da aka miƙo masa da ita.

Masu sharhi a can sukan jingina rashin jituwa ga bambancin harshe da addini da launin fata. Kudancin Katsina ya nuna wannan bayani bai wadatar ba. Manomin da ya baro ƙauyensa a Sabuwa ya sauka Funtuwa Musulmi ne, Bahaushe ne, Bamalike ne, a sahu ɗaya yake salla da mai masaukinsa. Duk da haka sunan "ɗan gudun hijira" yana bin sa kasuwa, yana bin matarsa bakin famfo, yana bin ɗansa makarantar allo. Baƙunci, ashe, matsayi ne da jama'a ke ajiye mutum a kai, ba sai harshe ya bambanta ba.

Liyafa tana da wa'adi

A nan ne fiƙihu yake da abin faɗa. Hadisin Abu Shuraih da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda kuma yake cikin Muwaɗɗa, ya iyakance karramawa ta musamman ga baƙo da yini da dare, liyafa kuma da kwana uku. Abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Jumhurin malamai sun ɗauki liyafa a matsayin sunna, Laisu ɗan Sa'adu ya wajabta ta, an kuma ruwaito daga Malik da Sahnun cewa ta fi rataya a wuyan mutanen karkara, domin birni yana da masaukai da kasuwa. Duk wannan bahasi an gina shi a kan matafiyi mai wucewa.

Idan aka ci gaba da kallon wanda aka raba da gidansa ta babin liyafa kaɗai, sakamakon a fili yake. Kwana uku sun wuce tun tuni, don haka duk abin da aka yi masa alfarma ce, shi kuma kullum a inuwar wanda ya wuce wa'adi yake. Mai gida yana gajiya, kuma yana da uzuri. Baƙo yana takura, shi ma yana da uzuri. Babin da ya dace da shi wani ne daban: maƙwabtaka. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta jera maƙwabci na kusa da maƙwabci manisanci da abokin zama da ɗan tafarki, ta yi umarni da kyautata musu baki ɗaya, masu tafsiri kuma sun fassara maƙwabci manisanci da wanda babu zumunta tsakani, wasu ma suka ce har wanda ba Musulmi ba. Maƙwabtaka ba ta da kwana uku. Abu mafi muhimmanci kuma, haƙƙi ne mai fuska biyu: maƙwabci ana binsa, shi ma yana bi. Baƙo kuwa hannunsa a ƙasa yake koyaushe.

Abin da aka yi a Madina

Masu wa'azi sukan kawo labarin Muhajirai da Ansaru domin kwaɗaitar da kyauta, suna kafa hujja da aya ta 9 a Suratul Hashri wadda ta yabi Ansaru da fifita wasu a kan kansu. Amma ayar ta fara ambaton wani abu kafin kyautar: cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, kuma ba sa jin ƙyashi a zukatansu. Halin zuci aka gabatar, sannan abin hannu.

Sira ta nuna cewa Manzon Allah (SAW) bai bar Muhajirai a matsayin baƙi ba. Ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansaru a gidan Anas ɗan Malik, har da gado, kafin a shafe wannan hukunci. Da Ansaru suka nemi a raba gonakin dabinonsu biyu, bai amince ba. Aka tsaya a kan aiki da raba amfani. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa. An saba karanta wannan a matsayin kamun kai na Abdurrahman, kuma haka ne. Sai dai akwai ɓangaren da ake tsallakewa: an nuna masa kasuwar, kuma babu wanda ya hana shi kasa kaya. A shekara ta 4 bayan hijira aka raba dukiyar Banun Nadir ga Muhajirai, bayan Haibara kuma suka mayar wa Ansaru itatuwan da aka ba su aro. Cikin shekara bakwai, hannun karɓa ya zama hannun mayarwa.

Akwai kuma ruwayar A'isha (RA) game da zazzaɓin da ya kama Abubakar da Bilal (RA) a farkon zuwansu, Bilal yana begen kwarurukan Makka. Annabi (SAW) bai tsawata musu a kan rashin godiya ba. Ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Wannan hujja ce cewa abin da baƙo yake ji a ransa abin kula ne a addini, ba shagwaɓa ba. Kuma Madina ba ta rasa masu gunaguni ba: a yaƙin Banul Musɗaliƙ, Abdullahi ɗan Ubayyu ya zargi mutanensa da cewa su suka ciyar da baƙi har suka fi ƙarfinsu. Suratul Munafiƙun ta rubuta wannan magana a kansa.

Malaman ƙasar Hausa ba baƙin wannan babi ba ne. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ya kuma rubuta Bayanu Wujubil Hijra a 1806.

Gona, zakka da zato

A ƙasar noma irin kudancin Katsina, kasuwar Abdurrahman ita ce gona. Al'ada ta tanadi aro da haya da jingina da noman raba-daidai, kuma duk suna da gurbi a fiƙihu. Amma da gonakin nesa suka gagara shiga, na kusa da gari suka yi tsada, sai wanda ya saba cika rumbu ya koma ƙwadago, matarsa ta koma wankau da surfe a gidajen mutane. Buhun masara na tallafi yana kashe yunwar wata guda. Gonar aro ta damina ɗaya tana mayar wa mutum da sunansa na manomi, har ya fitar da zakka da kaka.

Zakkar ma tana da magana. Akan ji ana cewa wane ai mai gonaki ne a garinsu, bai cancanta ba. Malikiyya sun bayyana cewa ɗan tafarki yana da rabo ko da mawadaci ne a garinsa, idan bai sami mai ba shi rance ba. Wanda gonarsa ke hannun 'yan bindiga ya fi kowa shiga wannan ma'ana, ko kuma ya shiga sahun matalauta kai tsaye, tunda dukiyar da hannu ba ya kaiwa gare ta ba ta tsare masa komai. A ba shi a matsayin haƙƙi, ba a jera shi a rana ana ɗaukar hotonsa ba. Ayoyin ƙarshen Baƙara sun yi kashedi a kan gori da cutarwa masu ɓata sadaka.

Mafi wuyar al'amarin shi ne zato. 'Yan bindiga suna amfani da masu kai musu rahoto, waɗanda ake kira infoma, kuma tsoron da mutanen gari ke ji ba ƙage ba ne. Shari'a ba ta ce su rufe ido ba. Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigin labari. Amma surar nan dai ta hana yawan zato da leƙen asirin mutane. Wanda wannan wuta ta fi ci shi ne Bafulatanin da aka kore wa shanu, ya gudo daga ruga kamar yadda manomi ya gudo daga ƙauye, ya iso gari ya tarar kamanninsa da karin harshensa sun riga shi zama tuhuma. A daji ana ganinsa maci amana, a gari ana ganinsa ɗan leƙen asiri. An sha kashe irinsa a kasuwanni ba tare da shari'a ba, irin wannan kisa kuma yana cikin abin da ya rura wutar. Ƙa'idar Alƙur'ani cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani ba ta da togiyar ƙabila.

Musulunci yana da hanyar da ta haɗa tsaro da mutunci, wato amana da jiwari. Annabi (SAW) ya zartar da mafakar da Ummu Hani ta bayar ranar buɗe Makka, hadisi kuma ya tabbatar da cewa alƙawarin Musulmi ɗaya ne, mafi ƙanƙantarsu yana iya ƙulla shi. Hausawa sun yi aiki da makamancin haka a zanguna, daga Salaga zuwa Kumasi: baƙo yana sauka a hannun maigida, maigida ya tsaya masa, ya kai shi gaban mai unguwa. Bincike a yi shi sau ɗaya, a gaban mai unguwa da liman da wanda ya san mutumin. Bayan haka ya zama maƙwabci, zarginsa ba da hujja ba ya zama ƙazafi.

Saura batun yara. Wanda aka goyo daga wani ƙauyen Faskari a 2019 yanzu yana firamare a Funtuwa, ƙannensa a nan aka yanke musu cibi. Ranar da za su nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, za a tambaye su takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ita kuma tana bin garin uba ne, da sa hannun dagaci ko hakimin can. Dagacin wataƙila shi ma yana zaman haya a wani gari, ƙauyen da zai yi shaida a kansa kuma yaran ba su taɓa ganinsa ba.