Mutum-mutumin da ke shan duka: Yadda 'yan wasan sanda a Japan ke atisaye su kaɗai

A Japan akwai wasan kare kai da sanda wanda ake kira jodo, kuma mutane kan shafe shekaru suna koyonsa. Sandar, wadda suke kira jo, tsawonta santimita 128 ne, kaurinta santimita 2.4, ana fafe ta daga itace mai ƙwari. Yawancin darussan mutum biyu ke yin su, ɗaya riƙe da sanda, ɗaya da takobin katako. To idan ɗalibi ya koma gida, babu abokin yi fa? A wannan makon za mu duba dabarar da masu wasan ke yi: haɗa mutum-mutumin da zai tsaya musu a matsayin abokin karawa.

Daga ina wasan ya samo asali?

Ana danganta jodo da wani jarumi mai suna Muso Gonnosuke, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 17. Labarin da ake bayarwa shi ne, ya kara da shahararren mai takobi Miyamoto Musashi, ya sha kaye. Sai ya keɓe kansa a Dutsen Homan da ke tsibirin Kiyushu, inda ya gano cewa gajeriyar sanda ta fi doguwa saurin juyawa, domin ana iya duka da suka da kowane ɓangarenta. Daga baya wani malami, Shimizu Takaji, ya koyar da 'yan sandan Tokiyo wannan fasaha, kuma a 1968 hukumar wasan takobi ta Japan ta tsara darussa 12 da ake koyarwa har yau.

Dukan itace kuwa tsohuwar al'ada ce a can. A yankin Kagoshima, ɗaliban makarantar takobi ta Jigen-ryu kan kafa gungume a ƙasa, su riƙa dukansa dama da hagu suna kururuwa. Wasu kuma kan ɗaure damin rassa su kwantar a kan mataimakai biyu, saboda damin yana lotsawa idan sanda ta sauka.

Me ya sa sai ya lotsa?

Nan ne darasin kimiyyarmu ya shigo. Idan ka doki abu mai tauri wanda ba ya motsi, ƙarfin dukan yana dawowa ta cikin sandar zuwa wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa. Yau da gobe sai ciwo, ko sandar ta tsage. Abin da ke lotsawa kuwa yana tsawaita lokacin da sanda ke ɗauka kafin ta tsaya, don haka girgizar da ke isa hannu takan ragu. Wannan shi ne ma'aunin mutum-mutumi mai kyau: ya tsaya daram, amma ya yi laushi a inda ake duka.

Yadda ake haɗa shi

Kayan aikin ba su da wuyar samu: tsohuwar tayar mota, katako mai kauri daidai tsayin mai wasa, siminti da yashi, soson tsohuwar katifa, buhu, igiya, da robar tsohon tub.

Da farko a kwantar da tayar, a shimfiɗa falle a ƙarƙashinta, a tsayar da katakon a tsakiya, sannan a cika da kwaɓaɓɓen siminti. A bar shi kwanaki har ya bushe sosai. Nauyin gindin ne ke hana shi faɗuwa.

Bayan haka a naɗe katakon da soso daga sama zuwa ƙugu, a rufe da buhu, a ɗaure da igiya. Kada a bar ƙusa ko waya a waje, domin za su ci sandar, kuma suna iya yankar hannu.

Sai a yi alama biyu da fenti: ɗaya daidai tsakanin idanu, ɗaya a ƙahon zuci. Waɗannan su ne manyan wuraren da jodo ke nufa.

A ƙarshe a yi masa hannu. A samo sanda mai tsawon kusan mita ɗaya a madadin takobi, a ɗaure ta da roba a daidai cibiya, bakinta na kallon maƙogwaron mai wasa. Idan aka doke ta za ta kauce ta dawo. Da ita ake gwada dukan da ake kira hikiotoshi, wato kakkaɓe takobin abokin karawa zuwa ƙasa.

Abin da yake koyarwa, da abin da ba zai iya ba

Babban amfaninsa shi ne sanin tazara, abin da Japanawa ke kira maai. Mai kaɗa sanda a iska yakan ɗauka dukansa ya isa, alhali da sauran taƙi guda. Mutum-mutumi ba ya yi wa kowa kara: ko ka sami alamar, ko ka kuskure.

Sai dai ba ya ja da baya, ba ya ramawa, ba ya kuma gyara maka tsayuwa. Wanda ya maimaita kuskure sau dubu a gabansa ya haddace kuskure ne. Shi ya sa a Japan ake fara karɓar darasi daga malami, a koma gida a maimaita.

Ga duk wanda ke son gwadawa a cikinmu, ya nemi izinin iyaye, kuma babba ya taimaka wajen aikin siminti. A zaɓi fili mai faɗi, nesa da ƙanne da tagogi. A duba sanda kafin a fara, a ajiye wadda ta tsage. A soma a hankali, a daina idan hannu ya fara ciwo. Ita kuma sandar, mutum-mutumi kaɗai ake ɗaga wa ita.