Sabuwar ƙaramar mota mai araha: ta dace da manomi kuwa?

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan mun tashi daga taron wata ƙungiyar manoman masara da nake zagayawa, shugabansu ya ja ni gefe ya nuna mini hoton wata mota a wayarsa. Ƙarama ce, sabuwa fil, ko ledar kujera ba a cire ba. Ya ce an gaya musu ba ta shan mai, kuma za a iya ba da kafin alƙalami a riƙa biyan sauran kaɗan-kaɗan. "Malam, mu saya ko kuwa?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Tunda na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba, bari in shimfiɗa muku lissafin da na yi masa.

Motar da ya nuna mini Suzuki S-Presso ce. A Indiya ake ƙera ta, can ta fara fitowa a 2019, daga baya ta iso Najeriya, kuma tana cikin sababbin motoci mafi sauƙin kuɗi da ake sayarwa a ƙasar nan. Duk wanda ya je Legas ya ga irinta birjik a hannun direbobin Uber. Da ita zan yi misali, amma abin da zan faɗa ya shafi duk wata ƙaramar sabuwar mota da dillali zai kawo maka gobe.

Kafin ka tambayi kuɗinta, tambayi kanka aikin da za ta yi maka. Mu manoma abu biyu ke sa mu nemi abin hawa: ɗaukar kaya da ɗaukar mutane. Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, kayan ne suka fi cin mana kuɗi. Taki daga gari zuwa gona, amfani daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. To a nan fa wannan mota ba ta da abin cewa sosai. Injinta silinda uku ne, bai cika lita ɗaya ba. Ita kanta nauyinta wajen kilo 750 ne, kuma abin da aka yarda ta ɗauka gaba ɗaya, da mutane da kaya, kusan kilo 400 ne. Ka cire direba mai kilo 70, saura 330. Buhun masara uku ke nan mai kilo ɗari-ɗari, shi ma sai ka kwantar da kujerar baya, don but ɗinta ba zai ci ba. In kuwa ku huɗu ne manya a ciki, abin da ya rage bai wuce buhun taki biyu ba.

Na san abin da za ka ce: ai ka ga Golf ta ɗauki buhu goma zuwa Dawanau. Ni ma na gani. Na kuma ga yadda take tafiya gindinta na jan ƙasa, kuma duk sati biyu tana wurin mai gyaran ƙafa. Mai Golf ya yarda da wannan asarar ne don motar tsohuwa ce, kayanta kuma ko'ina akwai. Kai da ka ci bashin miliyoyi ka sayi sabuwa, ba za ka iya yi mata haka ba. Ranar da kamfani ya gane lodi ne ya karya ta, garantin ma ya tashi.

Sai hanya. A nan dole in yaba mata. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai santimita 18, ta fi yawancin ƙananan motocin da muka saba gani tsayi, don haka a kan burji da ramuka na rani za ta yi ƙoƙari. Amma tayoyin gaba kaɗai ke ja, kuma tayoyin sirara ne. Ka tuna hanyar garinku a watan Agusta, lokacin da mashigi ya cika, laka ta kai gwiwa. Lokacin ne kuma kake bukatar kai taki zagaye na biyu. In babur ne kaɗai ke wucewa a wannan lokaci, to motar za ta yi wata biyu ko uku a ƙarƙashin darbejiya, kuɗin wata kuma ba zai tsaya jiran ruwa ya ɗauke ba.

Yanzu mu zo kan mai, don shi ne babban abin da ake tallata ta da shi, kuma shi ne ya fi jan hankalin mutane tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kafin ranar lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Gaskiya ne motar ba ta shan mai. Kamfanin na cewa lita ɗaya na kai ta fiye da kilomita 20. Wannan a kan kwalta mai kyau ne, ba lodi. A hanyoyinmu ka ɗauka 15 don kada ka yaudari kanka. A ce tsohuwar motar da za ka saya a madadinta tana yin kilomita 10 a lita. In kana tafiyar kilomita 1,000 a wata, sabuwar za ta sha lita 67, tsohuwar lita 100. Ka tsira da lita 33 a wata, wajen lita 400 a shekara. A ce lita naira 1,000 ce, naira 400,000 ke nan. Kuɗi ne, ba a raina su. Amma a ce sabuwar ta fi tsohuwar tsada da naira miliyan 8, sai ka shekara 20 kafin rarar mai ta biya maka wannan bambanci.

Shi kuwa direban haya a Legas, wanda ke yin kilomita 200 kullum, kwana 25 a wata, tafiyarsa ta ninka taka sau biyar. A wannan lissafin cikin shekara huɗu ya fanshe. Ka ga dalilin da ya sa motar ta karɓe su. Mota ɗaya ce, amma ribar rashin shan mai tana hannun wanda ke kan hanya kullum. Ɗauki biro ka sa farashin da aka ba ka da kilomitar da kake yi da gaske, ba wadda kake fatan yi ba, ka ga inda za ka faɗa.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a faɗa a wurin talla. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, wannan mai sauƙi ne. Amma wanda ya ba ka mota bashi yawanci cikakkiyar inshora zai nema, ita kuma ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. A ce motar ta miliyan 15 ce, naira 750,000 ke nan duk shekara. Ita kaɗai ta cinye rarar man da muka lissafa, har ta nemi ƙari. Ba mu zo kan kuɗin ruwa ko ribar da mai ba da bashi zai ɗora ba, da lamba da takardu.

Biyan wata-wata ɗin nan ma ku duba shi da kyau. An tsara shi ne don mai albashi. Manomi kuɗinsa sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara. In za ka biya kafin alƙalami da kaka, dole ka fitar da hatsi lokacin da kasuwa ta cika kuma farashi ke ƙasa, hatsin da in ka riƙe shi zuwa bazara wataƙila da ya ba ka ƙari. Sannan a watan Yuni da Yuli, lokacin da kowace naira ke tafiya kan taki da 'yan ƙwadago da maganin ciyawa, ga takardar biya ta iso. Shawarata, duk farashin da aka gaya maka ka mayar da shi buhu. Buhu nawa ne kafin alƙalami, buhu nawa ne kowane wata? Ka yi lissafin da farashin shekarar da kasuwa ta faɗi, kada ka yi da na shekarar da ta yi daɗi. Wanda ya ga yadda masara ta hau a 2024 ta kuma sauko a 2025 ya san abin da nake nufi.

Gyara kuma fa? Wannan shi ne inda sabuwar mota ke da fuska biyu. Shekarun farko ba za ta dame ka ba, in dai kana yi mata juye a kan lokaci da baƙin man da aka rubuta a littafinta, kana kuma canja matatar iska akai-akai saboda ƙurarmu. Wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda tsohuwar mota ta taɓa kwanar da shi a daji zai shaida. Sai dai garanti na da sharaɗi: sabis a wurin da kamfani ya amince. Ka tambaya wurin yana ina. In sai ka yi tafiyar awa huɗu, ka sa kuɗin man zuwa da dawowa da yinin da ka rasa cikin lissafi. Ka kuma je da kanka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gyaran da ta fi kusa da kai, ka tambayi fitilar gaba, gilas, famfon mai, kayan ƙafa. In ana ce maka "sai dai a aiko daga Legas", ka san abin da ke jiranka. Ka zaɓi mai giyar hannu, don mai canja giya da kanta ba kowane bakanike ne ya san kanta ba. Man bumburutu na jarka kuma ka yi nesa da shi, injin zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen mai kamar tsohon inji.

Wani abu da ba mu cika tambaya ba shi ne ranar hatsari, Allah ya kiyaye. Wata hukuma mai gwada ƙarfin motoci ta hanyar haɗa su karo, Global NCAP, ta gwada S-Presso ta kasuwar Indiya a 2020, mai jakar iska ɗaya, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba cikin biyar wajen kare manya. A 2022 aka gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu, mai jakar iska biyu, ta samu uku. Don haka ka tambayi dillali wace iri ce a gabanka, jakar iska nawa gare ta. Ba ina cewa tsohuwar mota mai shekara 25 ta fi ta ba, sam. Amma mota ce marar nauyi, kuma hanyar da za ka bi tireloli ma ita suke bi.

Ku 'yan ƙungiya, naku ya fi na mutum ɗaya wuya. Na taɓa aiki da wata ƙungiya da ta sayi mota da kuɗin asusu. Wata uku na farko lafiya lau. Daga nan aka fara: yau bikin 'yar wane, gobe ta'aziyya a garin surukan wane, kuma wa zai iya cewa a'a? Mai kowa na zubawa, amma da taya ta fashe sai aka rasa mai ita. Kafin shekara biyu motar na kan duwatsu, mutum biyu kuma ba sa gaisawa. In har za ku saya, ku rubuta tun kafin ta iso: direba ɗaya tak, littafin da ake rubuta kowace tafiya, kuɗin kilomita da kowa zai biya har da shugaba, da kason da ake warewa don gyara.

To wa ta dace da shi? Akwai su. In kana bakin kwalta, kana da wata hanyar samun kuɗi duk wata ban da noma, kamar shagon maganin feshi da iri ko albashi, kuma yawonka na mutane ne da ƙananan kaya, motar za ta yi maka daidai. Haka ƙungiyar mata masu sarrafa kaya marasa nauyi, garin kunu, yaji, man gyaɗa, ƙwai, waɗanda ke kai wa shaguna a birni sau uku ko huɗu a mako, za ku iya cin moriyarta in kuna da kuɗin a hannu ba bashi ba. Akwai kuma dalilin da ba ya shiga lissafin buhu: mace na naƙuda da tsakar dare, asibiti na da nisan kilomita 30, garin ba mota. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai a garuruwa da yawa ya fi sauƙi ƙungiya ta ware asusun gaggawa ta kuma yi yarjejeniya da direbobi biyu na kusa waɗanda za a iya bugo wa waya kowane lokaci.

Shi shugaban da ya tambaye ni, da muka zauna muka duba littafinsu, sai muka ga kusan duk abin da suka kashe a sufuri bara kan taki da masara ya tafi, kuma a cikin wata huɗu kacal. Na ce masa su bar maganar wannan mota. Su je su tambayi farashin keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku da na kurkura, su gwada da abin da suke biyan haya, kuma su tambayi masu irinsu a kasuwar garinsu nawa suke kashewa a gyara. In ma lissafin bai fita ba, su ci gaba da ɗaukar shata da kaka, kuɗin asusun su sayi taki da shi tun rani kafin ya hau. Sun sa maganar a taronsu na wata mai zuwa.