Kunyar Zufa Na Hana Mutane Tafiyar Ƙasa: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

A garuruwanmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akwai mutane da dama da likita ya shawarta su riƙa taka ƙasa kullum saboda hawan jini, ciwon sukari ko ƙiba. Sukan fara da niyya mai kyau, su yi kwana uku ko mako guda, sai ka ji shiru. In ka bi diddigi, ba kowa ne gajiya ko ciwon gwiwa ya tsayar ba. Akwai ma'aikacin da ba ya son ya isa biro riga ta manne masa a baya. Akwai uwargidan da ke tsoron shiga gidan suna hijabinta a jiƙe, mata su bi ta da kallo. Akwai ɗalibar da ta gwammace ta biya ɗan kabu-kabu a tafiyar da ba ta kai rabin kilomita ba, don kada a yi mata dariya a lakwal.

Abin mamaki shi ne mu mutane ne masu girmama gumi. Muna yabon wanda ke cin guminsa, ba wanda ke raina manomin da ya dawo daga gona sharkaf, kuma ɗan kokowa in ya fito fili zufa na tsiyaya, tafi ake yi masa. Amma da zarar mutum ya sa tufafin fita, sai zufar nan ta koma abin ɓoyo, ana ganin alamar ƙazanta ce, ko rauni, ko rashin abin hawa. Bari mu duba abin da ke faruwa a jiki, don kada wannan kunya ta raba mu da lafiyarmu.

Aikin da zufa ke yi

Jikin ɗan Adam yana son ya tsaya a wajen digiri 37 na zafi. Duk lokacin da muka motsa, tsokoki na ƙona abincin da muka ci, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da ke fitowa zafi yake zama. Dole jiki ya fitar da wannan zafi. Shi ya sa fatarmu ke ɗauke da ƴan ƙananan maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4. Abin da suke fitarwa kusan duk ruwa ne, sai ɗan gishiri.

Kowa ya san yadda randa ko tulun ƙasa ke sanyaya ruwa: ruwan na tsatstsafowa ta jikin tulun, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. To haka fata ke yi. Bushewar zufa ita ce ke sanyaya mu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yawancin yankunanmu, iskar waje ta fi fatarmu zafi, don haka jiki ba shi da wata hanyar huce kansa sai wannan. Mutumin da ya yi tafiyar minti goma a irin wannan rana ya jiƙe, jikinsa na aiki yadda ya kamata.

Yanayi ma na da hannu a yadda abin ke fitowa fili. Da damina, musamman a watan Agusta, iska na cike da laima, zufa ba ta bushewa da sauri, sai ta zauna a riga kowa ya gani. Da hunturu kuwa tana bushewa nan take, har mutum ya zaci bai yi ba, alhali ruwan jikinsa na raguwa.

Me ya sa wani ya fi wani?

Mutum biyu za su jera a hanya ɗaya, ɗaya ya jiƙe, ɗaya ko ɗigo. Dalilan suna da yawa. Akwai gado. Akwai girman jiki, domin mai jiki ya fi tara zafi. Galibi maza sun fi mata yawan zufa. Matan da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada sukan ji zafi ya taso musu kwatsam, zufa ta karyo ko suna zaune. Yaji, kofi da shayi mai zafi irin na fada suna ƙara ta, haka ma wasu magunguna, ciki har da tramol.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya saba motsa jiki, ko ya saba aiki cikin zafi, yakan fi saurin fara zufa, kuma yakan fi yin ta da yawa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu na sabo, jiki yakan koyi fara sanyaya kansa da wuri, ya kuma rage gishirin da ke fita. Ke nan in kun fara tafiyar safe kuka ga zufar ta ƙaru bayan ƴan kwanaki, kada ku ce tafiyar ba ta karɓe ku ba. Jikin ne ke sabawa.

Ita kanta damuwar tana haifar da zufa. Fargaba da jin kunya na sa tafin hannu, goshi da hammata su jiƙe ko ana sanyi. Mutum na tsoron a ga zufarsa, tsoron ya ƙara masa wata, ya ƙara tsarguwa, abu ya yi ta zagayawa.

Shin da gaske kowa na kallonmu?

A shekarar 2000, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Thomas Gilovich na jami'ar Cornell a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa ɗalibai su saka wata riga mai hoton da suke jin kunyarsa, su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da ita. Da aka tambaya, sai aka tarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Darasin a fili yake: mun fi kowa ganin abin da ke jikinmu. A tasha ko kasuwa da tsakar rana, kowa ta kansa yake yi, kuma wanda kuke tsoron idonsa shi ma goshinsa yake sharewa.

Maganar wari

Yawancin masu kunyar zufa, warin ne ainihin abin da ke damunsu. Zufar da ke fita a goshi, baya da ƙirji ba ta da wari. Akwai wani nau'i na daban da ke fita a hammata da matsematsi, wanda ke farawa daga lokacin balaga. Shi ma ba ya wari sa'ad da ya fito, sai ƙwayoyin halittar da ke zaune a fata sun ci shi. Wannan na ɗaukar lokaci. Don haka wanda ya yi wanka da sabulu, ya sa riga wankakkiya, ya yi tafiyar minti talatin, da wuya ya dami na kusa da shi. Abin da ke kawo wari shi ne zufar da ta kwana a jiki da rigar da aka maimaita ba a wanke ba. Zuba turare a kan irin wannan riga ƙara dagula lamarin yake yi.

Dabarun da ke rage damuwa

Na farko, lokaci. Bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya, sun fi tsakar rana sauƙi nesa ba kusa ba. A Yamai, masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché da sassafe ko da marece sun gane wannan, kuma a irin wurin ba mai kallon rigar wani. Da azumi, a bar tafiyar sai bayan buɗa baki.

Na biyu, tufafi. Auduga mara nauyi, mai yalwa, tana barin iska ta ratsa. Yadin roba da shadda mai kauri da ta sha sitaci suna riƙe zafi, kuma yadin roba ya fi riƙe wari. Ga mata, hijabi mara kauri ya fi daɗin tafiya. Launin toka da shuɗi mai haske sun fi tona jiƙewa, atamfa mai zane-zane kuwa tana ɓoye ta. Singileti na auduga a ciki yana tsotse zufa kafin ta kai rigar sama.

Na uku, shiri. A fita da wuri don kada a yi sauri, a rage taki a mintuna biyar na ƙarshe, a riƙe ɗan tawul da gorar ruwa. In an isa, a zauna a inuwa ko ƙarƙashin fanka, a wanke fuska, wuya da hannuwa. Mai zuwa aiki zai iya ajiye riga guda a biro. Wanda kuma ba ya son isa wurin mutane a jiƙe, sai ya juya tsarin: ya hau abin hawa wajen tafiya, ya tako da ƙafa wajen dawowa gida, inda wanka ke jiransa.

Na huɗu, abin shafawa. A kanti da farmasi akwai iri biyu: mai kashe wari kawai, da mai rage fitar zufa, wanda ke ɗauke da sinadarin alminiyom. Na biyun ya fi aiki in an shafa shi da dare a busasshiyar fata. Aske gashin hammata ma na taimakawa.

Abubuwan da za a guje wa

Wasu na rage shan ruwa don kada su yi zufa. Wannan ganganci ne. Mai motsa jiki cikin zafi na iya rasa rabin lita zuwa fiye da lita guda a awa ɗaya, kuma rashin mayar da ruwan na kawo jiri, ciwon kai da wahalar ƙoda. A duba fitsari: in ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Gishirin da ke cikin abincinmu ya wadatar ga mai tafiyar yau da kullum, mai hawan jini kada ya ƙara.

Wasu kuma akasin haka suke yi: su naɗe ciki da leda ko su jibga rigar sanyi wai don kitse ya narke. Zufa ba kitse ba ce. Kilon da ya ragu bayan irin wannan ruwa ne, da an sha zai dawo, ledar kuma hana jiki hucewa take yi.

Yaushe ne za a ga likita?

Akwai zufar da ba a yi mata shiru. In mutum na jiƙe shimfiɗa da dare ba don zafin ɗaki ba, ga tari fiye da mako biyu, ga rama, a je a yi gwajin tarin fuka. Zufa da zazzaɓi da rawar ɗari na iya zama maleriya. Zufa mai yawa tare da bugun zuciya, rawar hannu da rama na iya fitowa daga ciwon maƙoƙo. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, in zufa mai sanyi ta karyo masa da makyarkyata da yunwa, wataƙila sukarinsa ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana cikin hayyacinsa. Zufa mai sanyi da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, a garzaya asibiti ba jira. Haka in wani ya daɗe a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara ruɗewa ko sambatu, ko zufar na fita ko ta tsaya: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi likita cikin gaggawa.

Akwai kuma waɗanda tun suna ƙuruciya tafin hannunsu, tafin ƙafa ko hammata ke tsiyaya ko ba zafi ko motsi, har takarda ta jiƙe a hannunsu, su riƙa gudun gaisawa da mutane. Wannan lalura ce da likitocin fata suka sani, kuma akwai hanyoyin rage ta. A fara da CSI mafi kusa, su za su nuna inda za a dosa.

Mu auna riba da hasara

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 a kwana biyar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: tafiyar da za ka iya hira a cikinta, amma waƙa ta gagare ka. A ƙasa irin tamu, ba yadda za a yi wannan ba tare da zufa ba. Riga ta jiƙe, minti ashirin ta bushe. Hawan jini da ciwon sukari kuwa in suka kama mutum, magani ne na tsawon rai, da kuɗin da ke fita kowane wata.

Mu ma masu kallo da namu aikin. In maƙwabci ko abokiyar aiki ta iso tana share goshi, kada mu tare ta da zolaya ko tambayar ina moto. Mu ce mata sannu da hanya, mu miƙa mata ruwa. Ta yiwu umarnin likita take bi, kuma kalma ɗaya daga bakinmu na iya sa ta ci gaba gobe ko ta daina.